Kada Ki Share Gidan Kakannin Mutane

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin samu kujerar gefen taga, kin ci abin da na ƙunsa miki tun bai huce ba, fasfonki kuma yana jikinki. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa da kan ruwa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki sauka.

Da gangan na rubuta da Hausa. In na yi da Turanci, kafin ki kai layi na uku kin ciro biro kina gyara mini. Na san a hankali kike karanta Hausa, kina motsa baki, amma jirgi uku za ki hau kafin ki isa, lokaci ya ishe ki.

Tun da labarin tafiyarki ya fita ban huta ba a nan unguwarmu ta Morris Heights. Anti Ramatu ta hawa na huɗu ta tare ni a wurin wanki, ta ce, "Maman Ummi, wai gold za a je haƙa a Kanada? To a tuna da mu." Na yi mata bayani yadda kika yi mini. Na ce can ƙarshen arewa ne, inda ko bishiya ba ta fitowa, wani ƙauyen mutanen Inuit a bakin teku. Kakanninsu sun gina gidaje da dutse da ƙasa da ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa, yanzu teku na cin gaɓar yana tafiya da kufan. Samari da 'yan matan garin ne za su tono gidajen da hannunsu su koyi aikin, ke kuma malamarku ta ɗauke ki ki taya su awo da rubutu na mako bakwai. Ta ce da wace mota ake haƙar. Na ce da cokalin magini da buroshi. Ta daina ninke zanen da ke hannunta ta ce, "Shekara huɗu a college, a ƙare da haƙa rami da cokali? Ai da construction ta shiga, aikin gini sosai, ko union ta samu, ƙungiyar ma'aikata ta tsaya mata."

Na kuma je wurin malam a masallacin Tremont na tambaye shi yadda za ki yi salla a garin da rana ba ta faɗuwa. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in dawo bayan Juma'a. Amsar da ya bayar na kwafe miki a bayan takardar nan.

Amma ba sanyi nake ji miki tsoro ba, ba kuma sauron da kika ce ya fi na Kumasi ƙarfin hali ba. Hannuna nake ji miki tsoro, don na ga kin gaje shi. Akwai kuma maganar akwatin Babanki da ke tsakaninmu wata uku ke nan. Kina gaishe ni, kina cin abincina, amma kin daina ba ni labari, ni kuwa ba zan iya barin ki ki yi nisa haka da abin a cikinki ba. Zan zo kanta. Bari in fara daga inda hannun nan ya fara ɓarna.

Kin san ni 'yar Kano ce, aure ya kai ni Zongon Kumasi ina da shekara goma sha tara. Na tafi da niyyar in nuna wa mutanen gidan yadda ake tsafta a garinmu. A sati na biyu, Iya, kakarki mai sunanki, ta tafi barka da safe, ni kuma na ɗaura zane na faɗa ɗakinta. A ƙarƙashin gado na ci karo da wani tsohon gwangwanin madara naɗe cikin tsumma. Na buɗe, ƙasa ce busasshiya cike da shi. Na ce a raina, tsufa ke nan. Na juye ta a kwata, na dirje gwangwanin da soso har yana ƙyalli, na kife shi a rana, na zauna jiran yabo.

Babanki ne ya fara shigowa. Yana ganin gwangwanin ya dafe kai ya yi salati. Ya ce ƙasar Kano ce, mahaifin Iya ya ɗebo ta daga ƙofar gidansu lokacin da ya biyo ayarin goro, kuma duk jaririn da aka haifa a gidan sai an barbaɗa masa kaɗan a ruwan wankansa na farko. Iya kanta ba ta taɓa ganin Kano ba. Yana gama faɗa mini haka ya tuna wai yana da aiki a tasha, ya fice. Allah Ya jiƙansa, jarumi ne a wurare da yawa, ban da gaban uwarsa.

To ga wautar da ta fi ta farko. Na zaga bayan gida, na ɗebo ƙasa, na tankaɗe ta da rariya, na cika gwangwanin, na naɗe shi da tsummansa na mayar. Iya ta dawo, ta ga ƙarƙashin gadonta fes, ta durƙusa ta jawo shi. Ta buɗe, ta duba, ta sansana. Sai ta ce, "Ikon Allah. Shekara saba'in ƙasar Kano tana fara, yau ta koma ja irin ta bayan gidanmu." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta daɗe tana kallon gwangwanin, na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce zubarwar kuskure ce, ta yafe, amma cikawar ita ce ta ƙona mata rai, don da ba ta lura ba, da haka za ta yi ta wanke jikokinta da ƙarya.

Hukuncin da ta yanke mini shi ne, tunda na zubar da Kano, ni zan zama Kano a gidan. Kullum bayan la'asar sai in zauna gabanta in kwatanta mata garin: ta wace ƙofa ake shiga, yaya dutsen Dala yake, me ake sayarwa a Kurmi. In na gajarta ta ce in sake. Daga ranar ta sa mini suna Gwangwani, da shi take kirana a gaban baƙi har ta koma ga Allah.

Saboda haka, Ummi, duk abin da kika gani a ramin nan, ko ya yi miki kama da shara, ki tambayi masu shi kafin ki ɗaga. In kuma hannunki ya riga hankalinki, kin ture dutse ko kin cire wani abu ba a auna ba, kada ki mayar a ɓoye ki gyara wurin. Ki miƙe ki faɗa a gaban ɗaliban, ko da kunya za ta kashe ki. Ba ta kashewa, ga ni nan.

Za ki zaci na yi hankali daga nan. Ina! Bayan na zo Amurka na fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu, aka tura ni wurin wani dattijo makaho a unguwar Highbridge, Mista Hekto, can saman tudu inda bas ke ajiye mutum ya ƙarasa da haki. Ranar da na shiga gidansa na tsaya ina bin ɗakin da kallo. Gishiri kusa da rediyo, almakashi a cikin kofi, takalmi ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin tebur. Na ce bawan Allah ba shi da mai gyara masa. Ranar Asabar 'yarsa ta kai shi asibiti, ni kuma na samu fili. Kwalabe dogaye na jera su da dogaye, gajeru da gajeru, duk abin fesawa na haɗa shi wuri guda. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon aikina, har da murmushi.

Ranar Lahadi Mista Hekto ya zuba gishiri cokali biyu a kofinsa. Ya miƙa hannu inda turaren hammatarsa yake zama shekara da shekaru, ya fesa man goge katako hagu da dama, ya tafi coci yana ƙanshin lemon tsami. 'Yarsa ta ce har matar da ke zama kusa da shi ta tambaya ko an canja kujerun cocin ne.

Ranar Litinin na same shi zaune a kujerarsa, hannu bisa sanda. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Madam, shekara ashirin ina gani sarai a ɗakin nan. Shekaranjiya kika makantar da ni." Kwana uku muka yi, yana zaune yana faɗa, ina mayarwa. Gishiri taku ɗaya daga rediyo, don yana jin labarai lokacin da yake dafa ƙwai. Takalmin da ke ƙarƙashin tebur shi ke gaya wa ƙafarsa inda kujera take. Babu abu ɗaya a gidan da ke zaune a banza. Ni mai ido biyu ban ga komai ba, shi ya san wurin kowane cokali.

Ke da bakinki kika ce mini a aikinku abin da aka ɗauke ba a rubuta inda yake ba ya zama bebe. Na ji, na gyaɗa kai, ban gaya miki cewa wani makaho ya riga malamarku koya mini ba. Kin kuma ce dattawan garin sukan zo su zauna a bakin ramin suna kallo. To ki ɗauke su yadda ya kamata in ɗauki Mista Hekto tun ranar farko. Tsohuwar da ke zaune can, ko ba ta taɓa riƙe tef ɗin awo ba, ta san dalilin da ya sa fitilar dutse take wannan kusurwar ba waccan ba.

Yanzu kuma ke. Kina cewa ba ki gaji tsaftata ba, kina kafa hujja da ɗakinki, kuma gaskiya ɗakin hujja ne mai ƙarfi. Amma ni da tsintsiya nake shara, ke da baki. Ba ki iya jin magana a karkace ki bar ta. Ranar da na kira mutanen Inuit ɗin nan da tsohon sunan da muka koya a makaranta, a cikin jirgin ƙasa lamba huɗu kika yi mini lacca tun daga tasharmu har muka wuce filin ƙwallo. Kin yi gaskiya, na kuma daina, amma rabin taragon ya sha karatu tare da ni. Ranar Sallah kuma kika gyara wa maƙwabcinmu Alhaji Ɗanladi hanyar da ayarin goro ke bi, kika ce ba haka littafi ya ce ba, alhali ubansa da ƙafarsa ya taka hanyar. Tun daga ranar in ya hango ki sai ya tsallaka titi.

Can inda za ki, ke baƙuwa ce mai riƙe da littafi. Ɗaliban nan ɗakunan kakanninsu suke buɗewa. In tsohuwa ta ce wannan ƙashin da shi ake kankare fata, littafinki kuma ya ce wani abu daban, ki fara rubuta nata. In wata yarinya ta tono allurar ƙashi ta yi shiru tana juya ta a tafin hannu, kada ki ce ta yi sauri ta sa lamba rana na tafiya. Ranar ma ai ba ta zuwa ko'ina a garin. Ki bar ta ta gama, wataƙila da kakarta take gaisawa. In sun ba ki abinci, ko ɗanyen kifi ne, ki yi bismillah ki ci, kada ki yamutsa fuska irin yadda kike yi wa miyar kukata. Yaji na cikin jakarki.

To, akwatin.

Shekara huɗu da rasuwar Babanki, akwatin ƙarfensa na ƙarƙashin gadona ba wanda ya buɗe. Kin san ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekara bakwai, yana tuƙin tasi, ni ina Kumasi wurin Iya. Waɗannan shekarun ba ki san komai a kansu ba, shi bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Da bazarar nan kika jawo akwatin falo kika fara buɗe shi yadda aka koya muku, hawa-hawa daga sama zuwa ƙasa, kowane abu da 'yar takardarsa mai lamba. Kin ce abin da ke ƙasa shi ya fara shiga, ta haka za ki karanta rayuwarsa a jere. Kwana biyar ina tsallake zaren awon da kika ja a falona kamar mai wasan igiya.

Rana ta shida na dawo aiki kina makaranta, matan ƙungiyarmu kuma za su zo bayan la'asar. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Kaset-kaset na jera su launi-launi, wasiƙu manya da manya, hotuna a leda guda, 'yan takardunki masu lamba na tattara na zuba a shara, na goge ƙasa. Kika shigo, kika tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Ni kuma, don ƙarin wauta, na ce ai ban zubar da komai ba sai ƙananan takardu. Na jira ki yi ihu. Da kin yi, da na rama, da mun shirya kafin magariba. Sai kika ce, "It's okay, Mma," kika shige ɗaki. A duk Turancin da na ji a ƙasar nan, babu wanda ya yi mini zafi kamar wannan.

Na bar ki kina zaton baƙi ne suka sa. Wannan cika gwangwani ne da jar ƙasa, kuma Iya ta hana ni. Ga gaskiyar. Da na shigo ranar, na ga kin iso hawan kaset. Rubutun da ke jikinsu nawa ne. A lokacin ba waya a hannun kowa, sai in rufe ɗaki in yi magana a rikoda, in ba matafiyi ya kai masa. Akwai wanda nake dariya ina ba shi labarin akuyar Iya. Akwai wanda nake kuka daga farko har kaset ya ƙare. Akwai guda, a shekara ta biyar, da na ce in ba zai iya ɗauko ni ba ya aiko mini da takardata in koma Kano. Ban san ya adana su ba. Na ga 'yata za ta ji ni ina 'yar shekara ashirin da 'yan kai ina roƙo ina zagi, kunya ta rufe ni, hannuna ya yi abin da ya saba. Ban kyauta ba. Mahaifinki ne, kina da haƙƙi a kansa, ni kuma na ɓata miki hanyar da kika samu ta zuwa wurinsa. Ki yafe mini.

Amma ki saurara, jerin bai ɓace ba. Yana nan a kaina. Koren kaset shi ne na farko, na yi shi sati uku da tafiyarsa, muryata ma rawa take. Hoton da yake tsaye gaban tasi da hular da ta fi kansa girma, shekara ta biyu ce, kuma tasin ba tasa ba ce, aro ya yi don ya burge ni. Wasiƙar da aka ninke huɗu ita ce amsar kaset ɗin shekara ta biyar, ni na zo da ita na ba shi ya ajiye. Za ki hau jirgi uku ki je ki zauna gaban tsofaffin mutane da littafi, ga tsohuwa a gidanku kina wuce ta kullum a kicin. Laifina ne, ban taɓa nuna miki ƙofar a buɗe take ba. Ki dawo ki zaunar da ni bayan la'asar. In na gajarta ki ce in sake.

Saura abu ɗaya. Na buɗe jakarki, kada ki fara. Ban cire komai ba, rigunan kawai na sake ninkewa yadda ya kamata. A can ƙasa za ki ga baƙar kwat ɗin Babanki, mai kauri, wadda ya saya a sanyinsa na farko a garin nan. Ni da nake wanke labule duk wata, shekara huɗu tana rataye bayan ƙofata ban wanke ta ba, ban kuma taɓa sa hannu a aljihunta ba. Aljihu biyar ne. Daga waje na ji wani abu mai tauri a na hagu, ko busasshen goro ne ko makulli, ban sani ba. Na ji motsin takarda a na ƙirji. Wallahi hannuna ya yi ƙaiƙayi, na danne shi da ɗayan.

A duk gidan nan ita kaɗai ce take yadda ya bar ta. Ki sa ta in iskar teku ta taso. Ranar da kika samu natsuwa ki shimfiɗa ta a tantinki, ki buɗe aljihun ɗaya bayan ɗaya da lambobinki, ba mai share miki. In ɗaliban sun tambaya ta wace ce, ki gaya musu, su san ke ma kina da wanda kike nema.

Ɗakinki kuwa na kulle shi yadda kika bar shi, har da kofin da ke kan taga. Makullin yana wurin Anti Ramatu, na ce mata ko na zo ina kuka kada ta ba ni.

Allah Ya tsare ki daga sanyi da zamewa da sharrin abin da ke cikin ruwa. Allah Ya sa mutanen garin su ji daɗin zamanki, Ya jiƙan Babanki da Iya, Ya dawo mini da ke lafiya da labari a bakinki. Abin da kika samu a aljihun hagu, kada ki faɗa mini ta waya. Ki zo da shi ki ajiye a tafin hannuna, ni zan gaya miki ko mene ne.

Mahaifiyarki,
Gwangwani